Imam Umaru na Kete-Krachi, malamin zango da ya adana tarihin Hausawa a rubuce

Tun kafin gwamnatoci su gina ɗakunan karatu a ƙasashen Togo da Ghana, gidan malamin zango shi ne ma'ajiyar littattafai. Da hannu ake kwafar littafi, ɗalibi ya ara ya juya, sannan ya mayar wa mai shi. Cikin malaman da suka ɗauki wannan nauyi ba tare da wata hukuma ta ɗora masu ba, babu wanda ya yi suna kamar Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Imam Umaru.

An haife shi a Kano a wajajen shekarar 1858, amma asalin gidansu Kabi ne. Ya yi karatun allo a Kano, ya ƙaro ilimi a ƙasar Sakkwato da Gwandu. Mahaifinsa bafatake ne mai zuwa Gwanja sayen goro, shi ma ya bi ayari tun yana saurayi. Hanyoyin fataucin goro na wancan zamani sun ratsa arewacin Togo ta yau: wata ta bi ta ƙasar Kotokoli, inda garin Sokode yake, wata kuma ta Sansanne-Mango, kudu da Dapaong. A kan waɗannan hanyoyi ne zangunan Hausawa suka kafu.

Fatake suna buƙatar mai rubuta masu wasiƙa da takardar bashi. Saboda haka a 1877, yana ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka, ya wallafa wani littafi da Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, domin amfanin malamai da 'yan kasuwa.

Daga baya ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, yana karantarwa. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin, fatake da malamai suka bazu. A 1896 ya koma Kete-Krachi da ke bakin kogin Volta, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Jamus, cikin ƙasar da ake kira Togo. A nan ya zama limami, ya buɗe makaranta, ɗalibai suka riƙa zuwa daga zanguna na nesa da na kusa, su yi karatu, su kwafi littattafai, su tafi da su garuruwansu.

Bai tsaya ga adana abin da magabata suka rubuta ba. Ya yi waƙoƙi masu yawa da Larabci da Hausar ajami, ciki har da wadda ya yi a kan talauci da wadata, da waɗanda ya yi a kan zuwan Turawa, inda ya lissafa garuruwan da suka ci da yaƙi. Wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ya riƙe Kete-Krachi, ya yi karatun Hausa a wurinsa. Imam Umaru ya rubuta masa bayanai masu tsawo a kan tarihin ƙasar Hausa da sarautu da sana'o'i da aure da kasuwanci. Mischlich ya buga ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906, ya kuma buga wasu daga cikin bayanan malamin a Berlin.

A 1913 ya tafi aikin hajji. Kafin ya dawo Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sauya iyakoki, Kete-Krachi ya koma hannun Ingila. Ya ci gaba da limanci da karantarwa har rasuwarsa a 1934. Yankin ya shiga cikin Ghana a 1957, sannan a shekarun 1960 tafkin Volta ya mamaye tsohon garin bayan gina madatsar ruwa ta Akosombo.

Rubuce-rubucensa sun tsira ne saboda ba a wuri ɗaya suke ba. Ɗalibai sun kwafa sun raba, iyalai sun ajiye a gafaka da akwati. Da Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta fara tattara rubutun hannu a shekarun 1960, a gidajen malamai ta samu ayyukansa da dama ta ɗauki hotonsu. A 1973 Douglas Ferguson ya fassara bayanansa a kan ƙasar Hausa zuwa Turanci a Amurka, a 2000 kuma masanin ƙasar Poland Stanislaw Pilaszewicz ya buga wasu daga cikin rubutunsa na ajami.

Yau duk mai binciken rayuwar Hausawa a ƙarni na 19 sai ya koma ga abin da wannan malami ya rubuta a bakin Volta, nesa da garin haihuwarsa. Takardun da ke ajiye a gidajen malamai na zangunan Sokode da Mango da Dapaong suna fuskantar gara da damina da gobara, kuma hanyar da ta ceci na Imam Umaru ita ce a kwafa, a raba, kada a bar kwafi ɗaya tak a ɗaki ɗaya.