Pasto Gerike, Makiyayin Kurkukun Nurembag

Duk wanda ya girma a Sabon Garin Zariya ya san Barikin Chindit, ya kuma ji dattawa suna ƙidayar shekaru daga Yaƙin Hitila. A Zariya aka horar da samarin ƙasarmu da yawa, aka kai waɗansu Habasha, waɗansu kuwa Bama, inda bataliyoyin Nijeriya suka yi yaƙi cikin rundunar Chindit a 1944. Daga nan ne barikin ya sami suna. A Zariya kuma aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, wadda ta riƙa kawo wa mutane labarin yaƙin da Hausa. Kowa ya san Jamus ta faɗi a 1945, Hitila kuma ya kashe kansa. Amma ba a faye ba da labarin abin da aka yi da manyan mutanensa ba, balle na bawan Allah da aka aika musu cikin kurkuku. Labarinsa muka kawo muku a wannan wata.

Tasowarsa

Sunansa Henry Gerecke, a bakinmu Gerike. An haife shi ran 4 ga Agusta 1893 a wani ƙauye mai suna Gordonville, cikin jihar Misuri ta Amurka. Iyayensa manoma ne, asalinsu kuwa Jamusawa, saboda haka ya tashi yana jin Jamusanci da Turanci. Ɗan ɗariƙar Luta ne, irin wadda 'yan'uwanmu na Numan suke bi. Ya shiga makarantar horon pastoci a birnin St. Louis, amma da ya auri matarsa Alma sai ya zama dole ya fita, gama a lokacin makarantar ba ta yarda ɗalibi ya yi aure ba. Bai fid da zuciya ba, ya ci gaba da karatu a gefe, har aka naɗa shi pasto a 1926.

Ya yi shekara tara yana kiwon wata ekklesiya a St. Louis. A 1935, sa'ad da talauci ya rufe Amurka, ya bar wannan aiki ya koma na bishara cikin birni. Kullum yana zagaya asibitoci da gidajen gajiyayyu da gidan yari, yana kuma wa'azi ta rediyo domin marasa lafiya. A nan ya koyi zama da ɗan sarƙa ba tare da ƙyama ba. Ashe Ubangiji yana shirya shi ne domin wani kurkuku da bai taɓa mafarkinsa ba.

Da yaƙi ya yi zafi, 'ya'yansa maza biyu suka shiga soja. A 1943 shi ma ya ba da kansa ya zama pasto na soja, yana da shekara kusan 50. Aka haɗa shi da wani babban asibitin soja, suka yi aiki a Ingila, a 1945 kuma aka kai su birnin Munik na Jamus. Kusa da Munik akwai Dakau, ɗaya daga cikin sansanonin da mutanen Hitila suka tsare bayin Allah suka karkashe. Gerike ya je ya gani da idonsa. Saboda haka kada kowa ya ce bai san irin aikin mutanen da zai yi kiwo daga baya ba.

Kiran da ba ya so

Amurka da Ingila da Faransa da Rasha suka shirya kotu a birnin Nurembag domin a yi wa shugabannin Nazi shari'a, watau jam'iyyar Hitila. Akwai manya a lokacin da suka ga ya fi sauƙi a harbe su kawai a huta. Amma aka tsai da shawara a ba su lauyoyi, a kawo shaidu, a saurari amsarsu. Laifofin da aka tuhume su da su sun haɗa da ƙulla yaƙin zalunci, da keta dokokin yaƙi, da laifi a kan 'yan Adam. Cikin wannan akwai kisan Yahudawa wajen miliyan 6, maza da mata da yara.

Shugaban kurkukun, Kanar Andrus, yana neman pasto dattijo mai jin Jamusanci wanda ya saba da 'yan sarƙa. Aka nuna masa Gerike. Ba a tilasta shi ba, aka ce ya zaɓa. Ku duba nauyin abin. Ya daɗe rabonsa da matarsa, an kuwa soma sallamar soja zuwa gida. Yaƙin nan da mutanen suka tayar ya taɓa 'ya'yansa. Ya ga Dakau. Ya yi addu'a ƙwarai, sa'an nan ya karɓa, ya isa Nurembag a watan Nuwamba 1945, kwana kaɗan kafin a buɗe shari'a ran 20 ga wata.

Mutum 21 ne suke zama gaban alƙalai. Wani Fada na Katolika mai suna O'Connor ya ɗauki nasa, sauran kuwa suka zama rabon Gerike. Ran farko ya bi ɗakunansu ɗaya ɗaya, ya miƙa wa kowa hannu, ya fara da Hess, mataimakin Hitila na dā. Mutane da yawa sun yi fushi da wannan musafaha. Shi dai ya san ba za ka iya kai wa mutum bishara kana ɓoye hannunka a baya ba. Aka rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu, aka mai da wurin ɗan ɗakin sujada. Mutum 13 suka riƙa zuwa. Hess da Rosenberg suka ƙi.

Teburin Ubangiji

Gerike bai sassauta musu maganar Allah ba, bai kuwa gaggauta ba kowa Jibin Ubangiji ba. Sai ya zauna da mutum kwana da kwanaki, su karanta Littafi Mai Tsarki, su bi koyarwar bangaskiya daga tushe, ya ji furcin bakinsa tukuna. Na fari da ya durƙusa ya nemi jinƙai shi ne Sauckel, mai 'ya'ya goma, wanda ya sa aka kwashi mutane miliyoyi daga ƙasashensu zuwa aikin tilas a Jamus. Daga baya Speer da Fritzsche da Schirach suka biyo. Keitel, babban hafsan sojan Hitila, shi ma ya karɓa. Ribbentrop, ministan harkokin waje, ya daɗe yana ja da baya, sai kusa da ƙarshe ya sauko.

Ko tubansu na gaskiya ne? Waɗansunsu sun ci gaba da kāre kansu a gaban alƙalai, an kuma gane daga baya cewa Speer ya san abin da ya fi wanda ya amsa. Pasto yana jin furcin baki, yana duban hali gwargwadon iyawarsa, amma Allah kaɗai yake ganin zuciya. Ranar ƙarshe za ta bayyana.

A watan Yuni 1946 aka ji ƙishin-ƙishin Gerike zai koma gida. Sai dukan mutum 21 ɗin nan, har da waɗanda ba su zuwa sujada, suka sa hannu a wata wasiƙa zuwa ga matarsa, suna roƙonta ta bar musu shi har a gama. Mutanen da dā suke ba da umarni ƙasashe su girgiza, ga su suna roƙon wata mace a St. Louis. Alma ta yarda, ya zauna.

Ran 1 ga Oktoba 1946 aka yanke hukunci. Mutum 12 aka yanke musu kisa, ɗaya a bayan idonsa. Uku ɗaurin rai da rai, huɗu ɗaurin shekara 10 zuwa 20, uku kuwa aka sallame su. Da yawansu sun ce umarni suka bi, amma dokar kotun ta riga ta tsai da cewa umarnin na gaba ba ya wanke wanda ya aikata mugunta.

Da maraice ran 15 ga Oktoba, Gerike ya shiga ɗakin Goring, wanda ya fi dukansu girma. Goring bai cika fashin sujada ba, shi ne ma mai ɗaga murya wajen waƙa. A daren nan ya roƙi Jibin Ubangiji, ko da wataƙila akwai wani amfani a ciki. Amma da pasto ya tambaye shi, sai ya nuna bai gaskata Yesu Mai Ceto ne ba, bai kuma gaskata da tashin matattu ba. Gerike ya hana shi. Bayan 'yan sa'o'i Goring ya haɗiye gubar da ya ɓoye, ya mutu. Wannan abu ya daɗe yana damun Gerike, amma ya san gargaɗin Manzo Bulus cikin 1 Korintiyawa sura 11 a kan mai ci da sha da rashin cancanta. Hannun da ya miƙa wa kowa don gaisuwa, shi ne ya hana gurasa ga wanda bai tuba ba.

Bayan tsakar dare, ran 16 ga wata, aka rataye mutum goma. Gerike da Fada O'Connor suka raka su ɗaya bayan ɗaya. Ribbentrop ne na fari, Gerike ya hau matakala tare da shi, ya yi masa addu'a. Rosenberg ya ƙi addu'a har ƙarshe. Waɗanda suka ci Jibin Ubangiji da waɗanda suka ƙi, igiya ɗaya ce ta ɗauke su.

Kwanakinsa na ƙarshe

Da ya koma Amurka, a 1950 ya zama pasto a garin Chester na jihar Ilinoi, yana kuma kiwon 'yan sarƙa a babban gidan yarin Menard. A nan ciwon zuciya ya kama shi, ya rasu ran 11 ga Oktoba 1961, yana da shekara 68. 'Yan sarƙa suka roƙa a kawo musu gawarsa, shugaban gidan yarin ya yarda, ɗaruruwansu suka bi layi suka yi masa ban kwana. Bayan rasuwarsa ɗansa ya tarar da tarin wasiƙun zagi da ya ajiye, daga mutanen ƙasarsa da suka kira shi maci amana.

Abin da Nurembag ta bari

Shari'ar nan tana da aibi, gama waɗanda suka ci yaƙi su ne alƙalai, ba a kuwa binciki laifin nasu sojan ba. Duk da haka irin da aka shuka ya tsira. A 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi. A 1961 aka yi wa Eichmann shari'a a Urushalima. A 2022 wata kotu a Jamus ta sami wata tsohuwa mai shekara 97 da laifi, don tana budurwa ta yi aikin akawu a wani sansanin kisa. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Kotun Duniya ta manyan laifuffuka a 2001. Charles Taylor na Laberiya, wanda aka kama a iyakar Borno a 2006, an ɗaure shi shekara 50 a 2012. Kotun da aka kafa a Arusha bayan kisan Ruwanda na 1994 ta ɗaure har da pasto da fada. Wannan abin tsoro ne gare mu, gama rigar aikin Allah ba ta rufe jini.

Abin koyi gare mu

Ya ku 'yan'uwa na Samaru da Sabon Gari, maganar nan ba ta nesa ba ce. A 1966 an zub da jinin Ibo a titunan Sabon Gari. A Maris 1987 rigimar Kafanchan ta iso Zariya, aka ƙone majami'u da yawa. Ran 17 ga Yuni 2012 bam ya tashi a majami'ar Katolika ta Sabon Gari da ta ECWA a Wusasa, ramuwar da ta biyo baya a Kaduna kuma ta ci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, Musulmi da yawa a cikinsu. Har yanzu akwai gwauraye da marayu a cikinmu waɗanda ba su ga an hukunta kowa ba.

Bayan irin wannan, murya biyu mukan ji cikin ekklesiya. Ɗaya ta ce Kirista mai gafara ne, a rufe maganar, kada a kai ƙara, kada a ba da shaida. Ɗaya kuwa ta ce mutanen nan sun wuce ceto, a rama. Ran Gerike ya tsauta wa dukansu biyu. Bai ɗauki aikin alƙali ya mai da shi banza ba, gama Romawa sura 13 ta koya mana mai mulki ma'aikacin Allah ne don hukunta mai mugunta. Bai kuwa yanke wa kowa ƙauna daga jinƙan Allah ba. Ku tuna da ɓarawon da aka gicciye tare da Ubangijinmu cikin Luka sura 23. Ya amsa cewa hukuncinsa daidai ne, Yesu ya karɓe shi, amma bai sauke shi daga gicciye ba.

Saboda haka wanda ya ga abin da ya faru, ya ba da shaidar gaskiya, ko mai laifin ɗan ekklesiyarmu ne. Samarinmu da ke shiga soja da ɗan sanda ta Zariya su sani ba za su ɓuya bayan umarni ba, ko a gaban kotu ko a gaban Allah. Dattawan ekklesiya su tsare Teburin Ubangiji, kada girman mutum ko kuɗinsa su buɗe masa abin da tuba kaɗai ke buɗewa. Akwai kuma gidan yari a Zariya. Wa a cikinmu zai kai bishara can, har ga wanda ya cuce mu?

Mu yi addu'a domin alƙalan ƙasarmu su yi shari'a ba tare da tsoro ko son kai ba, domin waɗanda aka kashe musu 'yan'uwa Ubangiji ya ta'azantar da su, domin kuma ya tā da makiyaya a cikinmu masu zuciya irin ta bawansa Gerike. Amin.