Georges Vezina: Golan Da Katin Kwalin Sigari Ya Adana Fuskarsa Sama Da Shekara Ɗari

Idan kai ɗan Bebeji ne ko Kiru, na san sanyin da ka fi sani shi ne na hunturu, irin wanda yake sa mutanen Doguwa da Tudun Wada su kwana kusa da murhu. To ka ɗauka akwai ƙasar da sanyi yake daskarar da kogi har mutane su hau kansa su yi wasa. Wannan ƙasa ita ce Kanada, wasan kuma shi ne hoki na ƙanƙara. 'Yan wasa suna sa takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, suna zamewa a guje, kowa da sandarsa, suna koro wani ɗan faifan baƙar roba mai tauri zuwa raga. A yau zan ba ka labarin wani gola na wannan wasa wanda ya rasu tun 1926, amma har gobe masu tara katunan 'yan wasa suna rububin hotonsa.

Sunansa Georges Vezina. An haife shi ranar 21 ga Janairu 1887 a garin Chicoutimi da ke lardin Quebec, inda Faransanci ne harshen gida. Shi ne auta cikin 'ya'ya takwas, mahaifinsa kuma mai gidan burodi ne. Yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta ya koma taya mahaifin nasa aiki. Abin da zai ba ka mamaki, sai da ya kai shekara 16 kafin ya fara sa takalmin ƙanƙara, kafin nan da takalminsa na yawo yake tsaron raga.

A watan Fabrairu 1910 kulob ɗin Montreal Canadiens ya je Chicoutimi wasan sada zumunta. Manyan 'yan birni suka yi ta kai hari, wannan ɗan gidan burodi ya hana su sakat, har suka sha kashi. Golan Canadiens na lokacin, Joseph Cattarinich, shi da kansa ya ba shugabannin kulob shawarar su ɗauki yaron, duk da ya san gurbinsa ne zai tafi. Vezina ya ƙi da farko. Sai a watan Disamba na shekarar ya amince, ya buga wasansa na farko ranar 31 ga watan.

Daga wannan rana, shekara 15 cur, babu wani gola da ya sake tsaya wa Canadiens a raga sai shi. Wasa 327 a jere na kakar wasa, da ƙarin 39 na zagayen neman kofi, bai taɓa fashi ba. Ka tuna fa, a zamanin babu abin rufe fuska, faifan nan kuma idan ya sami mutum a baki sai haƙori ya zube. Kafin 1918 ma doka ta hana gola ya faɗi ƙasa don tare faifai, dole a tsaye zai yi komai. Saboda natsuwarsa aka yi masa laƙabi da Kokwambar Chicoutimi, wato komai zafin wasa shi jikinsa a sanyaye yake. Ya ci kofin Stanley, wanda shi ne kofi mafi daraja a wasan, a 1916 da 1924. Ɗansa na biyu a daren nasarar 1916 aka haife shi, shi ya sa aka raɗa masa suna Marcel Stanley. Ranar 18 ga Fabrairu 1918 ya zama gola na farko a gasar NHL da aka tashi wasa ba a zura masa ko ɗaya ba, sun lallasa Toronto da ci 9 da nema. Idan kaka ta ƙare kuma sai ya koma garinsu ya ci gaba da sana'ar jima, irin wadda Kano ta yi suna a kanta.

To ina maganar kati ta shigo? A wancan lokaci kamfanonin taba suna saka ɗan kwali mai hoto a cikin kwalin sigari, don ya riƙe sigarin kada ya karye, kuma ya sa mai saye ya dawo neman wani hoton. Kamfanin Imperial Tobacco ya fitar da jerin katunan 'yan hoki a kakar 1911 zuwa 1912, guda 45, masu tarawa suna kiran jerin C55. Lamba ta 38 a ciki ita ce ta Vezina, kuma ita ce katinsa na farko. Girmansa bai kai katin ATM ɗinka ba. Yawancin waɗanda suka same shi a lokacin yar da shi suka yi, ko yara suka yi wasa da shi har ya yage. 'Yan kaɗan da suka tsira su ne yanzu magoya bayan Canadiens suke nema ruwa a jallo.

Harkar tana da ƙa'ida. Akwai kamfanoni irin su PSA da suke duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10: ko kusurwoyinsa sun lanƙwashe, ko hoton yana tsakiya daidai, ko launi ya koɗe. Daga nan sai a rufe shi a cikin roba mai tauri. Bambancin maki ɗaya yana iya ninka kuɗin kati. Don ka gane girman kasuwar, a 2021 an sayar da katin Wayne Gretzky na 1979 a kan dala miliyan 3.75. Kwali fa, ba gida ba!

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshen mutumin. Da ya dawo atisaye a 1925, kowa ya ga ya rame, ya zubar da kusan kilo 16 cikin mako shida. Bai ce wa kowa komai ba. Ranar 28 ga Nuwamba aka buɗe kaka da Pittsburgh Pirates, ya shiga fili da zazzaɓi mai zafi, ya gama zubin farko ba a ci shi ba. A lokacin hutu ya yi aman jini. Duk da haka ya koma raga, can sai ya yanke jiki ya faɗi. Washegari likita ya tabbatar tarin fuka ne. Bayan 'yan kwanaki ya leƙa ɗakin canza kaya ya yi sallama da abokan wasansa, hawaye na zuba, abin da ya nema kawai shi ne rigarsa ta wasa. Ya rasu a asibitin garinsu ranar 27 ga Maris 1926, yana da shekara 39. Kulob ɗin ya biya albashinsa na kakar gaba ɗaya, sannan ya ba da kofi da sunansa. Tun 1927 ake ba gola Kofin Vezina a NHL, har yau ba a daina ba.

A zamaninsa babu maganin tarin fuka, sai bayan 1940 aka gano na farko. Kai kuwa kana da shi. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na asibitocin gwamnati a Najeriya, kuma yawanci wata shida ake sha. Idan tari ya kai mako biyu, ga rama, ga gumin dare, wallahi kada ka ce jarumta za ka yi. Mun san halinmu na samari, a sayi maganin tari a kemis a koma fili. Vezina ya fi mu juriya, kuma ka ga yadda ta kaya.

Sai batu na biyu. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar Najeriya a 1978. 'Yan wasanta nawa za ka iya gane fuskarsu? Pillars ta ɗauki kofi a 2008, 2012, 2013 da 2014, amma hotunan da yawanmu muka ɗauka sun tafi tare da wayoyin da suka lalace. Kanadawa sun san fuskar golan 1911 ne domin wani ya ɗaga ɗan kwali ya ajiye a akwati. Ka duba adakar Baba ko kantar Kaka, wataƙila akwai tsohuwar kalanda, ko hoton kulob ɗin unguwa da aka ɗauka a filin firamare. Kada ka bari a kunna wuta da shi. Ka tambayi sunayen waɗanda suke ciki tun masu sani suna raye, ka rubuta a baya da fensir, ka sa shi a ambulan nesa da danshi da gara, sannan ka ɗauki hotonsa ka ɗora a Facebook.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Mu haɗu a mako mai zuwa.