Sabo Bakin Zuwo da Gidan Silimar Palace

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kano ya ji sunan Alhaji Sabo Bakin Zuwo. Wata 3 kacal ya yi yana Gwamna, amma a ɗan wannan lokaci ya yi wani aiki da har yau dattawa ba su manta ba.

An haife shi a birnin Kano a shekarar 1934. Bai shiga makarantar boko da wuri ba, sai da ya tasa sannan ya nemi ilmi da kansa. Tun yana saurayi ya shiga jam'iyyar NEPU, ya zama ɗaya daga cikin na hannun daman Malam Aminu Kano. A 1979 aka zaɓe shi Sanata a ƙarƙashin PRP. Da jam'iyyar ta rabu biyu, Santsi da Taɓo, sai ya tsaya a Taɓo tare da Malam. A zaɓen 1983 ya kayar da Abubakar Rimi, ya hau kujerar Gwamna ran 1 ga Oktoba.

Kafin mu faɗi aikin da ya yi, sai mun waiwayi tarihin silima a Kano. Tun 1937 aka buɗe Rex, amma a wajen ganuwa take. A 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu, jama'a da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara. Duk da haka a 1952 aka buɗe Palace a unguwar Jakara, kusa da kasuwar Kurmi, ita ce ta farko a cikin birni. Malamai da iyaye suka ƙi abin ƙwarai, samari suka riƙa jifan masu shiga, har sai da aka kawo 'yan sanda.

Sannu a hankali aka saba. Da magariba ta yi sai samari su cika wurin don kallon fim ɗin Indiya da na kaboyi. Amma da shekaru suka ja, sai bakin gidan ya zama matattarar mashaya da 'yan iska, maƙwabta suna ta kuka babu mai share musu hawaye. Bakin Zuwo ɗan birni ne, ya san wannan kuka. Da ya sami mulki sai ya rufe Palace, ya mai da ita asibiti. Inda ake layin sayen tikiti, nan mata suka koma layin ganin likita.

To, amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka yi juyin mulki. Aka sami Naira miliyan 3.4 a gidansa, aka yanke masa ɗaurin shekaru masu yawa, daga baya aka sake shi. Ya rasu a 1989.

'Yan'uwana ɗalibai na Unguwar Tudu, tarihi ya riƙe asibitin, ya kuma riƙe kuɗin, bai zubar da ko ɗaya ba. Wata rana a cikinmu wani zai riƙe amanar jama'a, ko a Gwarzo ko a Kabo ko a Kano, kuma haka za a auna shi. Allah ya jiƙan Alhaji Sabo, ya yafe masa kurakuransa, amin.