Anne Hutchinson da Gadon Gidan Marbury

Mai bin salsalar Anne Hutchinson yakan fara ne daga littafin rajistar cocin Alford, wani ƙaramin gari a yankin Lincolnshire na Ingila, inda aka yi mata baftisma ranar 20 ga Yuli, 1591. Mahaifinta, Francis Marbury, limamin coci ne kuma malamin makaranta. A wasu takardu an rubuta sunansa Merbury, domin a zamanin rubutun Ingilishi bai tsaya kan ƙa'ida ɗaya ba, abin da ke wahalar da masu neman asali har yau. Mahaifiyarta, Bridget Dryden, ƴar babban gida ce a Canons Ashby; ɗan'uwanta Erasmus shi ne kakan mawaƙi John Dryden.

A 1578 aka gurfanar da Marbury gaban bishop na Landan, saboda ya ce ana naɗa limamai marasa ilimi. Aka ɗaure shi a kurkukun Marshalsea. Daga baya ya rubuta yadda shari'ar ta gudana. A wannan gida Anne ta tashi, ta ƙware a karatun Littafi Mai Tsarki.

Ta auri William Hutchinson, ɗan kasuwar tufafi, a 1612, suka haifi ƴaƴa 15. A 1634 suka ƙetara teku zuwa Boston, a Masachuset, suna bin malaminsu John Cotton. Can ta yi ungozoma, tana kuma tara jama'a a gidanta don bitar wa'azi, har ta zargi yawancin limamai da koyar da cewa ayyuka ne ke ceton mutum, ba alherin Ubangiji ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A Nuwamban 1637 ta tsaya gaban gwamna John Winthrop, ta kwana biyu tana kare kanta da nassi, aka yanke mata hukuncin kora.

Ta koma Rhode Island a 1638. Bayan rasuwar mijinta ta yi ƙaura zuwa yankin da ƴan Holan ke mulki, kusa da birnin New York na yanzu. A Agustan 1643, lokacin yaƙin ƴan Holan da ƴan asalin ƙasar, mayaƙan Siwanoy suka kashe ta tare da ƴaƴanta da dama; ƴarta Susanna ce ta tsira, aka tafi da ita.

Zuriyarta ba ta yanke ba. A 1771 wani daga cikin jikokin jikokinta, Thomas Hutchinson, ya zama gwamnan Masachuset, ƙasar da ta kore ta.