Johannes Gutenberg

Johannes Gutenberg (an haife shi wajen shekarar 1400, ya mutu ranar 3 ga Fabrairu, 1468) Bajamushe ne, masanin aikin ƙarfe, wanda ya ƙirƙiro hanyar buga littattafai da haruffan ƙarfe a Turai. Ana lissafa wannan ƙirƙira cikin mafi muhimmanci a tarihin ɗan Adam.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Mainz da ke bakin kogin Rhine. Mahaifinsa, Friele Gensfleisch, yana cikin manyan gari kuma yana da alaƙa da gidan buga kuɗi. Mahaifiyarsa, Else Wirich, 'yar mai kanti ce. Sunan Gutenberg ya samo asali ne daga sunan gidan danginsu. Daga 1434 zuwa 1444 ya zauna a Strasbourg, inda ya haɗa jari da wasu don ƙera ƙananan madubai ga masu ziyarar ibada a Aachen.

Ƙirƙirarsa

Kafin zamaninsa, yawancin littattafan Turai da hannu ake kwafarsu, shi ya sa suke da tsada. Ba shi ne farkon mai amfani da haruffa ɗaiɗai ba: Bi Sheng ya yi su da yumɓu a ƙasar Sin wajen 1040, an kuma buga littafin Jikji da haruffan ƙarfe a Koriya a 1377. Sai dai rubutun Sinanci yana buƙatar dubban alamomi, rubutun Latin kuwa haruffansa kaɗan ne.

Gutenberg ya haɗa abubuwa huɗu: mazubin da ake zuba narkakken ƙarfe a fitar da harafi iri ɗaya da yawa, gaurayen darma da kuza da antimoni, tawada mai mai wadda take kama ƙarfe, da kuma matsi na katako irin na masu matsar inabi. Idan an gama buga shafi, sai a warware haruffan a sake jera wani da su.

Bashi da shari'a

A 1450 ya ranci gulden 800 daga wani attajiri, Johann Fust, daga baya ya ƙara wasu 800. Wajen 1455 ya kammala buga Baibul da harshen Latin, mai layi 42 a mafi yawan shafukansa. An buga kimanin kwafi 180, wasu a takarda, wasu a fata. 49 sun rage zuwa yau, wasunsu ba cikakku ba.

A wannan shekarar ce Fust ya kai shi ƙara kan kuɗin, kuma ya yi nasara. Maɗaba'ar ta koma hannun Fust da Peter Schöffer, tsohon ma'aikacin Gutenberg, suka ci gaba da buga littattafai da sunansu. Babu littafi ko ɗaya da ya fito ɗauke da sunan Gutenberg a matsayin wanda ya buga shi.

Mutuwa da tasiri

A 1465 babban bishop na Mainz, Adolf na Nassau, ya sa shi cikin fadawansa, ana ba shi tufafi da hatsi da giya kowace shekara. Ya mutu a Mainz, aka binne shi a cocin Faransiskan. An rushe cocin daga baya, kabarinsa ya ɓace.

Zuwa shekarar 1500, maɗaba'u sun bazu a garuruwan Turai fiye da 200, an buga miliyoyin littattafai. Wannan ya taimaka wajen yaɗuwar karatu da daidaita ƙa'idojin rubutun harsunan Turai. Jami'ar Mainz tana ɗauke da sunansa.