Maurice Ravel: makaɗin da kalmomi suka guje masa

Yau za mu kawo muku tarihin Maurice Ravel, shahararren mai tsara kiɗa na ƙasar Faransa. An haife shi ranar 7 ga Maris 1875 a garin Ciboure, kusa da iyakar Spaniya, ya tashi a Paris. Yana ɗan shekara 14 ya shiga babbar makarantar kiɗa ta birnin. A yaƙin duniya na ɗaya ya tuƙa motar sojoji. A 1928 ya tsara kiɗan Boléro, wanda ya kai sunansa ko'ina a duniya.

A watan Oktoba 1932 taksin da yake ciki ya yi karo a Paris, ya bugu a kai. Ƙoƙon kansa bai fashe ba, kowa ya ɗauka abin ya wuce. Amma daga 1933 sai rubutu ya fara gagararsa. Yakan nemi kalmar da ya sani sarai, ta ƙi zuwa bakinsa, har sa hannu a takarda ya zame masa aiki. Hankalinsa na nan, yana jin sabon kiɗa a ransa, amma ba halin rubuta shi. An yi masa aikin ƙwaƙwalwa a Disamba 1937, ya rasu ranar 28 ga watan yana da shekara 62.

Wasu likitoci na ganin wata cutar ƙwaƙwalwa ce ta riga ta kama shi, bugun ya ƙara tsananta ta. Abin da aka tabbatar shi ne, in kai ya bugu da ƙarfi, ƙwaƙwalwa kan daki ƙashi daga ciki ko da jini bai fito ba. A wurin yawancin mutane kuwa, sashen hagu ne ke riƙe da magana.

Mu da muke hawan kabu-kabu zuwa kasuwa kullum, wannan ya shafe mu, domin jarin ɗan kasuwa na farko bakinsa ne. Wanda ya faɗi ya bugi kai, sannan ya fara amai, ko yawan barci, ko manta sunan kayan da yake sayarwa, ko ruɗewa wajen lissafin canji, kada a tsaya ana cewa iskoki ne. A kai shi asibiti nan take. Hular kwano kuma ta fi jinya araha.