Tran Luc: Fadan da ya gina cocin dutse a kan laka a Biyetnam

A kudancin Hanoi, kimanin kilomita 120, akwai garin Phat Diem, a yankin da Jan Kogi ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Ƙasar wurin sabuwa ce. Sai a 1829 aka kafa gundumar Kim Son a kan fadamar da aka ƙwato daga bakin teku. A kan wannan laka mai nutsar da ƙafa wani fadan Katolika ɗan ƙasar, Tran Luc, ya ɗora ɗaya daga cikin manyan coci-cocin Biyetnam.

An haife shi a 1825 a lardin Thanh Hoa, ya kuma tashi a zamanin da sarakunan ƙasar ke kallon Kiristanci a matsayin ƙofar da Turawa za su shigo ta cikinta. A mulkin Sarki Tu Duc an kama shi, aka kore shi zuwa Lang Son, kusa da iyakar Sin. Lokacin yana dikon, matakin da Katolikan ƙasar ke ƙirgawa na shida, daga nan ya samo laƙabin da ya bi shi har kabari: Faransawa na kiransa Père Six, wato Fada Shida. Ya zama cikakken fada a 1860, aka ba shi Phat Diem a 1865.

Aikin ginin ya fara a 1875, ya ci fiye da shekara 20. Matsalar farko ita ce ƙasa, don ba ta iya ɗaukar nauyi. Sai da aka yi ta kafa itatuwan gora a cikin laka, ana zuba ƙasa da tsakuwa, kafin a sa harsashi. Duwatsu da manyan gungume kuwa ta ruwa aka riƙa kawo su daga nesa, da ƙarfin mutane aka ɗaga su. Babban cocin da aka kammala a 1891 tsawonsa mita 74, rufinsa na zaune a kan gomman ginshiƙai na katako mai tauri, wasunsu sun kai mita 11. Akwai kuma ƙaramin coci wanda bangonsa da ginshiƙansa duk dutse ne, da hasumiyar da ke ɗauke da ƙararrawa mai nauyin kusan tan 2.

Abin da ya fi jan hankali shi ne fasalin. A lokacin da Faransawa ke gina babban cocin Hanoi irin na garuruwansu, Tran Luc ya zaɓi rufi mai lanƙwasassun kusurwoyi da tafki a gaba, kamar haikalin Buddha ko zauren taron ƙauye. Manomin da ya tunkaro wurin yana ganin gini irin na kakanninsa, sai ya matso ya ga gicciye a sama.

Amma wannan mutumin da ya ba addininsa kamannin gida shi ne kuma ya tsaya kusa da masu mamaye ƙasar. Ya yi shiga tsakani ga Faransawa da fadar sarki da ke Hue, Faransa ta ba shi lambar girmamawa ta Légion d'honneur. Marubuta masu kishin ƙasa na zarginsa da taimaka wa sojojin Faransa wajen murƙushe boren Ba Dinh a 1886 zuwa 1887. Masu kare shi na cewa mabiyansa ya nemi tsarewa, a shekarun da ake ƙona ƙauyukan Kirista. Gaskiya ne an ƙona ƙauyuka, amma hakan bai goge zargin ba, kuma duk wanda ya san labarin waɗanda suka yi wa Faransawa aiki a Damagaram ko Katsinar Maraɗi ya san irin wannan gardama.

Ya rasu a 1899, shekarar da aka gama hasumiyar. Bayan yarjejeniyar Geneva ta 1954 da ta raba ƙasar biyu, ɗimbin Katolikan yankin sun yi hijira zuwa kudu tare da bishop ɗinsu. A 1972 bama-baman Amurka suka lalata wani sashe na ginin, waɗanda suka rage a garin suka gyara shi. Kabarin Tran Luc na nan a filin da ke tsakanin hasumiyar da ƙofar babban cocin.